Mutuwar Lemuel Tarbox ta Biyu

Sau biyu ƙanena Lemuel Tarbox ya mutu a birnin New York, kuma ta farkon ce mutane suka fi yarda da ita. Duka biyun ina tsaye a kansa. Don haka in kun ji wani yana ba da labarin daban, ku tambaye shi ko yana cikin gidan a ranar.

Ni ce Hepsy, yayarsa. Ban yi aure ba, shi ma bai yi ba, ni na riƙe masa gida tun gidan yana ɗaki ɗaya a bayan kasuwar kifi har ya zama ƙaton bene a Fifth Avenue. Mahaifiyarmu kawar teku take sayarwa, irin naman ruwan nan da yake cikin ɓawo biyu. Takan saye ta a hannun masu kwale-kwale, ta ɓare, ta jiƙa ta a ruwan tsami da kanumfari da masoro, ta ɗura a tuluna. Duk ƙarshen shekara sai manyan gidaje sun aiko mata, don teburin Sabuwar Shekara ba ya cika in babu kawarta. Ni da Lem muke kaiwa. Ta ƙofar ƙasa muke shiga, wadda take ƙarƙashin matakala, inda ake shigar da kwal ana fitar da shara.

Ranar Sabuwar Shekara kuwa ƙofar gaba a buɗe take wuni. Matan gida su ci ado su zauna karɓar baƙi, maza su yi ta bin gida gida, a gaisa, a ci, a sha, a wuce gaba. Duk wanda ya sa kwat mai tsabta ya ja ƙararrawa, ba a mai da shi. Gidan da ba ya son baƙi, ko don ciwo ko don makoki, sai ya rataye kwando a ƙofa, mai zuwa ya jefa katinsa a ciki ya juya.

Lem yana yaro ya ji ana cewa ba a mai da kowa, ya ɗauki maganar da gaske. Wata shekara da muka kai tulu gidan Van Alst, masu banki tun kaka da kakanni, sai na waiga ban gan shi ba. Ashe ya zura kwat ɗin marigayi babanmu, hannayen sun haɗiye masa yatsu, ya hau matakalar gaba ya ja ƙararrawa. Aka buɗe, ya yi kiciɓis da Mista Van Alst kansa yana sa safar hannu zai fita. Mutumin bai daka masa tsawa ba. Da ya daka, da Lem ya manta kafin sati. Ya dube shi ne kawai, ya ce wa mai hidima, "Ɗan mai kawa ne. Nuna masa ƙofarsu."

A hanyar komawa gida Lem bai yi kuka ba. Ya ce mini shi da hawa wannan matakalar har abada, sai dai in Van Alst ya fara hawa tasa. Na yi masa dariya, don a lokacin ko dakali ba mu da shi, balle matakala.

Daga nan kuma sai yaro ya zama abin da ya zama. Gemu bai fito masa ba ya gano cewa in ka tari masu kwale-kwale tun a kan ruwa ka saye kawarsu kaf ana gobe biki, to kai za ka faɗi farashi a kasuwa. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, ya bi tsofaffin jiragen fito waɗanda ko kaji ba za ka yarda su hau ba, ya shafa musu fenti, ya sayar wa masu kwasar sojoji. Wani hunturu ya saye kwal ɗin da ke shigowa birni ya kulle a rumbuna, manyan mutane suna ta rawar sanyi a gidajensu na alfarma, shi kuwa yana aika amalanke cike da kwal unguwarmu ta da, a raba kyauta. A coci ana tsine masa, a bayan kasuwar kifi ana sa masa albarka, duk a Lahadi ɗaya. Daga ƙarshe ya faɗa kasuwar hannun jari a Wall Street, ya kama wani kamfanin jirgin ƙasa mai suna Pocasset, ya riƙa juya shi yadda mai tuya ke juya waina.

Jaridu suka sa masa suna Ɗan Mai Kawa, suna zana shi da tumbi da jar falmaran. Suna jiran ya fusata. Shi kuwa ya sa aka zana kawa da ruwan zinariya a ƙofar keken dokinsa, ya kuma ba tela aikin jajayen falmaran har sai da wurin ajiyarsu ya gagara. Mutum ne mai ƙarar murya da dariya mai girgiza taga. Ina son sa ƙwarai, kuma na san mugu ne a ciniki. Ban taɓa ganin ɗayan ya hana ɗayan ba.

Abu ɗaya ne kuɗinsa suka kasa saya masa. Duk Sabuwar Shekara sai mun shirya teburi wanda babu irinsa a layin, da naman talotalo da kek da giya mai ɗumi, da kawa wadda nake jiƙawa da hannuna yadda mahaifiyarmu ta koya mini. Kuma ana zuwa, ba a ce ba a zuwa ba: 'yan caca, 'yan wasan kwaikwayo, 'yan siyasar unguwa, da masu cin abinci a ƙarƙashinsa. Amma daga tsofaffin gidajen nan ko mutum ɗaya. Lem yakan tsaya bayan labule yana kallon kekunan dokinsu suna tsayawa a gidan dama, su tsallake mu, su tsaya a gidan hagu. Mutumin da ya sa birni guda rawar sanyi, ga shi yana leƙe ta labule. Wannan kallon yana ƙona mini rai fiye da duk zagin jarida.

Mutuwarsa ta farko da kaka ta zo. Wata safiya ya ƙi tashi daga gado, lafiyarsa ƙalau, ya ce in aika a kawo busasshiyar ciyawa a shimfiɗe titin gabanmu, yadda ake yi wa gidan da mai ciwo yake gargara don kada ƙarar ƙafafun keke ta dame shi. Aka sauke labulaye. Aka ɗaure bakin ƙararrawa da tsumma. Kafin azahar duk Wall Street ta ji Ɗan Mai Kawa yana bakin kabari, kuma kowa ya san in ya mutu Pocasset ta mutu.

Amma 'yan kasuwa ba sa yarda da ciyawa kawai, sai sun ji daga bakin wanda ya gani. Wanda ya gani shi ne Silas Mott. Silas dillali ne, siriri mai sanyin hali, abokin Lem tun zamanin jiragen fito, kuma dukiyar zawarawa da marayu da yawa a hannunsa take don an san shi da amana. Shi kaɗai aka bari ya hau sama. Ya tarar da Lem an shafa masa garin alli a fuska, yana numfashi da ƙyar. Lem ya kama hannunsa ya raɗa masa cewa ba zai ga Lahadi ba, ya yi maza ya sayar da hannun jarin Pocasset ya tsira da na mutane. Silas ya sauko yana share hawaye, a gabana. Ya tafi ya sayar da komai, nasa da na amana, a farashin banza. Da aka ga abokin nan nasa yana sayarwa yana kuka, sai kasuwa ta rikice, kowa ya zubar da nasa. Mutanen Lem suna gefe suna tsincewa.

Ranar Lahadin da aka ce ba zai gani ba, daidai lokacin da ake tasowa daga coci, Lem ya yaye labule ya tsaya a taga da jar falmaran da cinyar kaza a hannu, yana ɗaga wa mutane ita. Na ce masa wannan karon ya wuce gona da iri, ko ba komai Silas ya yi masa kuka. Ya ce ai kukan ne ya yi aikin, kuma zai gyara wa Silas in ƙura ta lafa. Bai gyara ba. Ba don rowa ba, mantawa ya yi, don Lem in ya gama da abu ya gama. Silas ya rasa gidansa, ya rasa sunansa, zawarawan nan suna tare shi a titi suna tofa masa yawu.

Kafin hunturu ya kama sosai muka fara jin an ga Silas yana zagaya layinmu. Na matsa wa Lem ya ɗauki ƙarti biyu masu tsaron ƙofa. Da Sabuwar Shekara ta matso kuwa na fito da kwando na ajiye masa a gaba, na ce bana wannan za mu rataye. Ba ni da niyyar buɗe ƙofa wuni guda ga duk wanda ya ga dama alhali akwai mai neman ransa.

Ya ɗauki kwandon ya kifa a kansa kamar hula, ya ce, "Yaya, bana fa rabin dukiyar bankin Van Alst a Pocasset take, Pocasset kuma a aljihuna take. In bai zo bana ba, ba zai taɓa zuwa ba. So kike ya zo ya tarar da kwando?"

Na ce gara ya tarar da kwando da ya tarar da gawa. Ya yi dariyar nan tasa, ya ce gawarsa ai an riga an gani, ba ta da wani abin kallo. Haka muka yi ta ja har na gaji, na je na jiƙa kawa.

Ranar ta zo da rana fes a kan dusar ƙanƙara, ƙararrawar dawaki ta cika titi tun da hantsi. Na sa baƙar rigata ta siliki na tsaya a falo kusa da teburi. Ba mu daɗe ba aka ja ƙararrawa, na ji hayaniya a ƙofa. Ƙartin ne suka tare wani. Lem ya leƙa, na leƙa ta bayansa. Silas ne, ya rame sai ido, amma ya goge kwat ɗinsa tas, ya sa farar safar hannu, yadda ake zuwa gaisuwa.

Na riƙe hannun Lem na ce su mai da shi. Ya fizge. Ya ce wa ƙartin, "Yau ba a mai da kowa. Ba a gidana ba. Shigo, Silas, barka da shekara."

Silas ya shigo ya cire hula, ya gaishe ni da ladabi har da rusunawa. Lem ya buɗe hannuwa biyu zai rungume shi. Sai na ji ƙara, na ga hayaƙi, na ga libarba a cikin farar safar nan. Lem ya zauna daɓas a kan matakalar bene yana kallon cikinsa da mamaki. Silas bai gudu ba. Ya tsaya yana cewa a hankali, "Wannan karon zan gani da idona." Ƙartin suka danne shi, suka ja shi ta ƙofar ƙasa suka miƙa wa 'yan sanda.

Likita Ahearn gidansa na bayanmu, ya iso ko kwat bai ɓalla ba. Ya yanke falmaran ɗin, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya faɗi gaskiya ba kwana-kwana, don ya san wanda yake magana da shi. Harsashin ya shiga inda hannun likita ba ya kaiwa. In ya kwanta bai motsa ba, watakila ya ga wayewar gari. In ya ƙi kwanciya, ba zai wuce faɗuwar rana ba.

Na je na ɗauko kwandon. Ina riƙe da shi a tsakiyar zaure ƙararrawa ta kaɗa. Mai hidima ya leƙa ta gilashi, ya dawo yana in'ina, ya ce wani babban alƙali ne da surukinsa, mutanen da shekara da shekaru suke tsallake ƙofarmu. Kuma ga wani keken yana tsayawa a bayansu.

Lem ne ya fara gane abin da ke faruwa, yana kwance a kan doguwar kujera. Idanunsa suka kawo haske. Maƙwabta sun ji ƙarar bindiga, labari ya bi teburan birni gida gida tare da masu gaisuwa. Yau kasuwa a rufe take, gobe da safe za ta buɗe. In da gaske an harbe shi, duk mai Pocasset dole ya sayar da sassafe ko ya tsiyace. In kuma wata ciyawar ce ya sake shimfiɗa musu, duk wanda ya sayar ya zama Silas. Ba wanda zai ƙara yarda da bakin wani. Dole kowa ya zo ya gani da kansa, kuma yau ce rana ɗaya tak a shekara da mutum zai shiga gidan da ya raina ba tare da an ce ya zubar da girma ba.

Ya ce, "Yaya, sun zo. Ajiye kwandon nan."

Na ce masa ba gaisuwa ta kawo su ba, ungulu ne suka ji wari. Ya ce ya sani sarai, amma ungulun ta ƙofar gaba suke shigowa. Likita ya sake tuna masa maganar wayewar gari. Lem ya ce bambancin dare ɗaya ne, shi kuwa bai taɓa cin riba da dare ba. Ya dube ni, ba dariya a fuskarsa, ya ce, "Ki tsaya mini yau kaɗai. Ban taɓa roƙonki abu ba."

Ƙarya ce, kullum cikin roƙona yake. Amma na cusa kwandon a bayan ƙofa.

Abin da muka yi a ɗan lokacin nan, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Muka yage mayafin teburi muka ɗaure masa ciki tamau. Aka kawo sabuwar jar falmaran, ranar ce na fara gode wa Allah da ya sa yake son ja. Muka jingina shi da ƙarshen teburi, muka tura wata kujera mai dogayen ƙafafu marar jingina ƙarƙashin jelar kwat ɗinsa yadda mai kallo zai ɗauka a tsaye yake. Na mutsittsike masa kumatu har suka yi ja. Likita ya ɗura masa wani magani a giya, ya koma bayan labule yana gunaguni. Da na taɓa hannun Lem sai na ji shi kamar ƙarfen famfo da asuba, ga shi kowane baƙo hannun nan zai kama. Nan na tuna dabarar mahaifiyarmu in za ta aike mu cikin sanyi. Na aika madafa a gasa dankali, a riƙa hawo da shi ɗaya bayan ɗaya da zafinsa. Muka jefa masa guda a aljihun dama, ya damƙe.

Aka buɗe ƙofa.

Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan rana ba. Kekunan doki suka toshe Fifth Avenue har kwanar layi. Alƙalai, masu banki, masu jiragen ruwa, tsofaffi masu farin saje waɗanda sunayen kakanninsu ke jikin tituna, duk suna turereniya a zaurenmu, huluna sun rasa wurin rataya. Kowa ya zo gabana ya rusuna ya ce barka da shekara, Mis Tarbox, idonsa kuwa yana kan cikin ƙanena. Sannan ya wuce wurin Lem. Lem ya zaro hannu daga aljihu da ɗuminsa, ya matse na mutum har ƙashi ya yi ƙara, ya kira shi da sunan yanka kamar tare suka yi wasan ƙasa.

Wani ya daure ya ce ya ji an yi ɗan hatsari da safe. Lem ya ce ai kuwa an yi, an harbe shi har lahira, yanzu haka fatalwarsa ce ke ba shi hannu, ya ci kawa kafin ta ƙare. Falo ya ɗauki dariya. Wani mai wayo ya yi kamar ya yi tuntuɓe don ya dafa masa ciki, na riga shi, na cusa masa farantin kek a hannu na ce ya yi hankali da dardumar. Wani ya yar da safarsa da gangan ya sunkuya yana leƙen ƙasan teburi, na taka safar na tsaya a kai ina tambayarsa lafiyar matarsa. Can gefe ina jin suna raɗa. Wannan ya ce ya ga gumi a goshinsa, wancan ya ce kai ma gumin kake yi, ɗakin ne ya cika. Wani ya ce hannunsa da ɗumi kamar burodi, mai mutuwa ba ya haka. Har caca aka ƙulla a bakin matakala.

Ni kuwa ina murmushi, ina zuba giya, ina sauya dankali a ɓoye duk lokacin da na matsa kusa da shi kamar zan gyara masa kwala. Kowane sauyi sai na ji ya ƙara nauyi a kan kujerar. Amma fuskarsa, Allah ya sani, ban taɓa ganin ta da farin ciki irin na ranar ba. In ƙararrawa ta kaɗa sai ya ɗan juyo ya tambaye ni da ido. In girgiza kai. Ba shi ba ne.

Rana ta karkata, hasken taga ya koma ja. Muryar Lem ta fara shaƙewa, ya rage barkwanci, ya koma gyaɗa kai. Likita ya yafuto ni ta bayan labule ya ce in ba a kwantar da shi yanzu ba zai faɗi a gaban mutane. Na je na raɗa wa Lem cewa ya isa, duk birni ya zo, me ya rage. Ya ce saura mutum ɗaya.

Sai zaure ya yi tsit. Mutane suka dare biyu. Mista Van Alst ya shigo yana dogara sanda, ya tsufa ƙwarai, ya rankwafa, amma idon nan yana nan yadda na san shi. Ya rusuna mini. Ya cire safar hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa, ya isa gaban Lem.

Lem ya miƙe. Na rantse ya bar kujerar ya tsaya da ƙafafunsa. Ya ce, "Barka da shekara, Mista Van Alst. Ba ka sha wuyar gane ƙofar ba ko?"

Tsohon ya ce, "Barka kadai, Mista Tarbox. Ƙofa ce mai kyau."

Ya kama hannun daman Lem ya riƙe. Sannan, kamar mai nuna ƙauna, ya ɗora ɗaya hannunsa a kan hannun hagun Lem, wanda yake dafe da teburi, wanda ba mu yi wa dankali ba. Na ga yatsun tsohon sun tsaya cak. Suka dubi juna. Ba wanda ya lura sai ni.

Van Alst ya sake shi, ya juyo wurina ya ce ko zai samu ɗan abin taɓawa. Na zuba masa kawa. Ya ci ɗaya, ya tauna a hankali, ya ce rabonsa da wannan ɗanɗanon tun wata mata da take aiko musu a tulu, ya manta sunanta. Na ce sunanta Dorcas Tarbox. Ya ce haka ne, haka ne. Ya miƙo farantin na ƙara masa, ya cinye tas.

A bakin ƙofar falo mutane suka yanyame shi, don in akwai wanda za a yarda da idonsa a birnin nan, shi ne. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Mutumin nan sai ya binne mu duka." Ya sa hularsa ya fita.

Kafin ka ce me falo ya fara yashewa. Kowa ya samu abin da ya zo nema, suna fita suna dariya suna tafa kafaɗar juna, ba mai sayar da Pocasset gobe. Da na ƙarshe ya juya baya, Lem ya sulale. Ni da likita muka tare shi muka kwantar a kan darduma, na ɗora kansa a cinyata. Sai na ji jikinsa yana girgiza, na ɗauka ciwon ne. Ashe dariya yake.

Ya ce, "Kin ji shi? Ya taɓa hannun, ya sani. Ya yi musu ƙarya don gobe ya riga kowa sayarwa. Irin tawa sak, Yaya. Tun ina yaro nake ganin mutumin nan kamar wani mala'ika, ashe ɗan kasuwa ne."

Na ce ya yi shiru ya huta. Numfashinsa ya fara ja. Daga inda ya wuni ba a hango zaure, sai ya tambaye ni ta wace ƙofa tsohon ya shigo.

Na ce, "Ta gaba, Lem. Ya hau matakalarka, shi ya ja ƙararrawa da hannunsa."

"Ya ci kawar Inna?"

"Ya ci, har ya nemi ƙari."

Ya lumshe ido. Ya ce, "To, je ki rataye kwandonki."

Ban so tashi ba, amma ya ture ni da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Na ɗauko kwandon daga bayan ƙofa na fita. Rana ta kusa faɗuwa, masu kunna fitilun titi sun fara aiki, matakalarmu duk ta caɓe da sawun takalma. Ina cikin ɗaure igiyar wani mutum da ya makara ya tsaya a ƙasa da katinsa a hannu. Ya dubi kwandon, ya dube ni, ya fashe da dariya. Ya ce in gaya wa Ɗan Mai Kawa ba a yi musu wasa ɗaya sau biyu.

Na ce zan gaya masa. Na rufe ƙofa na koma falo, na tarar likita ya riga ya rufe masa ido. Da na zo gyara masa hannuwa a kan ƙirji sai na ga na daman a dunƙule. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya na cire dankalin, har lokacin da sauran ɗuminsa.